Cadakori: Wa zai saurari yaran da suka tsere wa 'yan bindiga bayan motocin agaji sun tafi?

Duk wanda ya san yadda 'yan bindigar dazukan Sakkwato da Zamfara ke shiga gari ya san ƙarar babura ce ke fara sanar da zuwansu. Shi ya sa a ƙauyukan da suka karɓi 'yan gudun hijira a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maradi, ƙarar da ɗan birni ba ya ko ɗaga kai saboda ita tana iya sa yaro ɗan shekara takwas ya ruga bayan rumbu ya ɓuya. An ba irin wannan yaro wurin kwana, an rubuta sunansa a rajista, an yi masa rigakafi, wataƙila ma an sa shi makaranta. Abin da ya gani a daren da aka tashi garinsu kuwa yana nan tare da shi, kuma ba kasafai ake samun wanda aka koya wa yadda zai taimaka masa ya sauke wannan kaya ba.

Tun daga 2019 jama'ar ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina suka riƙa tsallakowa Nijar don guje wa kisa, satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Satumba na shekarar, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka shigo sun haura 40,000. A watan Afrilun 2020 kaɗai wasu kimanin 23,000 suka ƙaru, kuma galibinsu mata ne da yara. Maimakon a killace su a sansani, hukumomin Nijar da hukumar suka zaɓi a matsar da wasu nesa da iyaka a zaunar da su gefen ƙauyukan da ke nan tun asali. Aka fara da Ɗan Daji Makau da Garin Kaka, sannan Cadakori ta biyo baya. Manufar ita ce baƙo da ɗan gari su sha ruwan famfo ɗaya, su je asibiti ɗaya, 'ya'yansu su zauna aji ɗaya.

Tsarin ya dace da wurin, domin waɗanda suka zo ba bare ba ne. Gobir ɗin da ke Sabon Birni ita ce Gobir ɗin da ke Tsibiri. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, ga auratayya da kasuwa tun kafin Turawa su ja layin iyaka. Wannan zumunci shi ne babban jarin da yankin ke da shi wajen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da iyalai. Abin da ya kamata a yi da shi a bayyane yake: a horar da mutanen da za su ci gaba da zama a garin, wato iyaye mata, kakanni, malaman makaranta, limamai da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a kuma ci gaba da bibiyarsu. Ƙwararren da ke zuwa a farar mota yana da amfani, amma kwantiraginsa na da ranar ƙarewa.

Girman matsalar

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga matsananciyar damuwa da fargaba da firgicin bayan tashin hankali har zuwa taɓin hankali mai tsanani. Hukumar ta kuma daɗe tana cewa kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. A Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ce ta makomar ƙasa baki ɗaya.

Yaro ba ya zuwa ya ce yana cikin damuwa. Jikinsa da halinsa ne ke faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Wadda ke da surutu ta yi shiru, ta maƙale wa uwarta ko bakin rijiya ba ta yarda a je babu ita. Wani ya zama mafaɗaci a filin wasa, wani ya riƙa kukan ciwon kai ko ciwon ciki alhali awo bai nuna komai ba, wani kuma ya zauna a aji idonsa na kan allo amma hankalinsa na can garinsu. Idan babba bai san abin da waɗannan alamu ke nufi ba, fassarar da ya sani zai ba su: taurin kai, daƙiƙanci ko shafar aljanu. Daga nan sai bulala, ko a cire yaron daga makaranta, ko a hanzarta aurar da yarinyar don a huta.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, kuma akasarinsu na Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maradi. A tsallaken iyaka akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, amma hanyar zuwa can ta ratsa yankin da mutanen suka gudo daga cikinsa. Ko da a ce an ninka yawan likitocin sau goma, ba za su iya zama da kowace uwa da ta kasa barci a Cadakori ba. Jiran ƙwararre kaɗai daidai yake da yanke shawarar cewa ba za a yi komai ba.

An gwada a wasu wurare, ya yi aiki

Tunanin miƙa wani sashe na wannan aiki ga mutanen gari ba sabo ba ne a Afirka. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara shirin Bencin Abota a Harare cikin 2006, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya cikin zama shida. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka ba kulawar da aka saba. A karkarar Pakistan ma, wani gwaji da aka wallafa a 2008 ya nuna matan da ke aikin lafiya gida-gida, bayan ɗan gajeren horo, sun rage matsananciyar damuwa sosai tsakanin masu ciki da masu jego.

Kayan koyarwar ma suna nan, kuma kyauta ne. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 yana koya wa nas da ma'aikacin lafiya na gama-gari yadda zai gane ya kuma kula da matsananciyar damuwa, farfaɗiya, taɓin hankali, shaye-shaye, yunƙurin kashe kai da matsalolin yara. A 2015 aka fitar da nau'insa na wuraren da ake aikin agaji. Akwai littafin taimakon gaggawa na kwantar da hankali na 2011, wanda ya tsaya kan abu uku: a duba, a saurara, a haɗa mutum da inda zai samu taimako. Akwai kuma wani tsari na 2016 mai zama biyar, da aka shirya musamman domin wanda ba likita ba ya iya gudanar da shi ga manya masu fama da damuwa.

Ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka amince da su a 2007 sun kasa wannan aiki hawa huɗu. A ƙasa akwai tsaro, abinci da matsuguni cikin mutunci. Sama da shi akwai tallafin iyali da al'umma. Na uku shi ne taimakon wanda aka horar amma ba ƙwararre ba. Na ƙarshe, wanda mutane kaɗan ne ke bukata, shi ne na likitan ƙwaƙwalwa. Hawa na biyu da na uku sun fi na ƙarshe ɗaukar jama'a, kuma sun fi shi arha.

Maradi ta san irin wannan aiki

Jihar Maradi ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan abin da talaka zai iya idan aka koya masa dabara aka bar ta a hannunsa. A nan ne ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a 1991, wato adashen mata mai asusu da rance, wanda yau ake kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na duniya. A nan ne kuma tun daga 1983 manoma suka rungumi dabarar barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gona maimakon a tumɓuke su, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agiye suka yi suna wajen kafa kwamitocin da ke tsare itatuwan. Shirye-shiryen biyu sun daɗe bayan kuɗin farko ya ƙare, saboda mutanen gari sun ga amfaninsu sun mayar da su nasu.

Taron Mata Masu Dubara na mako-mako wuri ne da mata ke haɗuwa da ma, sun san juna, sun amince da juna da kuɗi. Idan aka horar da biyu daga kowace ƙungiya kan sauraro, gane alamun damuwa da sanin lokacin da za a tura mace asibiti, an samu hanyar da ta kai har cikin ɗaki ba tare da an gina ko bulo ɗaya ba. Haka makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram domin jawo magidanta cikin maganar lafiyar iyali. Magidancin da ya rasa gona da shanu, ya koma jiran rabon abinci, yana ɗauke da ƙunci da kunya da ba ya faɗa, kuma sau da yawa a kan mata da yara yake sauke su. Ba zai je gaban wata baƙuwa ya yi kuka ba, amma zai iya magana a majalisar tsaransa.

Uzurori uku da ake kawowa

Na farko shi ne yunwa. Ana cewa wanda bai ci ba, ba a yi masa zancen kwanciyar hankali. Gaskiya ne abinci ne gaba, kuma babu zaman sauraro da zai maye gurbin tiyar hatsi. Sai dai abubuwan biyu a ɗaure suke. Maradi ta sha fama da tamowa, kowa na tuna 2005, kuma bincike a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna 'ya'yan matan da ke cikin matsananciyar damuwa sun fi fuskantar rama da tsumburewa. Uwar da zuciyarta ta mutu ba ta da kuzarin lallashin jariri ya ci, ko ta goya shi ta taka zuwa asibiti. A Jamaika an bi wasu yara masu tsumburewa da ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyarta mako-mako a shekarun 1980 suna koya wa iyayensu wasa da hira da su. Bayan shekara 20 aka tarar abin da suke samu ya zarce na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25 cikin 100. Wasa da yaro ba ɓata lokaci ba ne.

Na biyu shi ne cewa Musulmi haƙuri da addu'a sun ishe shi. Babu mai musun matsayin addu'a da tawakkali a rayuwar mutanen Gobir da Katsina, kuma duk shirin da ya raina su ya faɗi tun kafin ya fara. Amma baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Malamai na karantar da cewa shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib ana kiranta Shekarar Baƙin Ciki, suna kuma karantar da yadda Annabi Yaƙubu ya yi jimamin rabuwa da Annabi Yusuf. Liman da malamin allo su ne farkon waɗanda ake kai wa yaro idan ya fara firgita, don haka su ne farkon waɗanda ya kamata a zauna da su. Malamin da ya san alamun farfaɗiya zai yi addu'arsa ya kuma ce a wuce asibiti, inda maganinta ba shi da tsada. Abin da ke faruwa idan aka bar iyaye babu mafita an gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300, har da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, sannan aka gano makamancinsa a Daura.

Na uku ya fi nauyi: wanda aka yi wa horon kwana biyar zai iya yin ɓarna. Wannan gaskiya ne. Mai sauraro da ya kai sirrin wata mata bakin rijiya ya kashe shirin a garin baki ɗaya, musamman idan maganar fyaɗe ce. Wanda ya matsa wa yaro sai ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla zai iya tayar masa da mikin. Maganin wannan shi ne bibiya. Kowane ɗan sa-kai ya kasance yana da wanda zai kai wa matsalar da ta fi ƙarfinsa, a riƙa zama da su aƙalla sau ɗaya a wata, a san iyakar aikinsu, a kuma tabbatar hanyar tura mara lafiya daga ƙauye zuwa cibiyar CSI, zuwa asibitin gunduma, zuwa Maradi tana aiki, da magani a kanta. Horon da aka yi a otel aka raba takardar shaida da kuɗin zama aka watse, sunansa kawai horo.

Lokaci ba ya jira

Dalilin gaggawar shi ne kuɗin agajin ƙetare na janyewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙasashe da dama sun dakatar da tallafinsu ga Nijar. Gwamnati ta janye izinin wasu ƙungiyoyin agaji, ta kuma sallami ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa a farkon 2025. A shekarar ce Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, lamarin da ya girgiza kasafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, amma sakamakonsu a ƙauye ɗaya ne: idan kuɗi ya ragu, filin wasan yara da mai ba da shawara ake fara sokewa kafin buhun masara. A ɗaya ɓangaren kuma rikicin bai lafa ba. Kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024 ya nuna wa masu mafarkin komawa gida cewa da sauran tafiya. Su ma ƙauyukan Nijar na bakin iyaka a Gidan Rumji da Madarumfa sun sha hare-hare, ga ambaliyar 2024 da ta rushe gidaje a jihar.

Wannan ya sa bai kamata a tsara aikin a matsayin na 'yan gudun hijira kaɗai ba. Ɗan asalin Cadakori da ya ba da gefen gonarsa yana da nasa yaran da nasa damuwar. A Agiye da Gazawa, inda rikicin bai yi tsanani kamar bakin iyaka ba, akwai matan da mazajensu suka tafi ci-rani shekara da shekaru, da 'yan matan da aka aurar da ƙuruciya, da samarin da ke haɗiyar tiramol don su iya aikin ƙarfi. Gwamnatin da ke maganar dogaro da kai tana da damar nuna shi a nan: ta sa darasin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin karatun nas-nas da malaman firamare, ta ware wa ƙananan hukumomi abin biyan alawus ɗin 'yan sa-kai, ta sa magungunan farfaɗiya da taɓin hankali su isa cibiyoyin karkara. Tunda kundin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu hujjar a ci gaba da horar da kakar ƙauye da takardun Faransanci. A mayar da su Hausa, da boko da ajami, a karanta su a gidajen rediyon karkara. A kuma nemo kalmomin da ba su da zafi, domin muddin kalma ɗaya ce, mahaukaci, ke rufe komai, babu uwar da za ta kawo ɗanta.

Rabon matasan birni da 'yan ci-rani

Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maradi, musamman masu karatun likita, suna jin harshen waɗannan yara, kuma Cadakori ba nisa gare su. Ƙungiyar ɗalibai da ta ɗauki ƙauye ɗaya tana zuwa a kai a kai tsawon shekara, ƙarƙashin kulawar malamanta, ta fi gangamin yini ɗaya da ake ɗaukar hoto a sa a Facebook. Masu shirya bidiyon barkwanci a TikTok da ke mayar da mai taɓin hankali abin dariya su ma suna da zaɓi, domin waya ɗaya ce ke yawo daga Maradi har ƙauye.

'Yan asalin yankin da ke Kano, Legas, Abijan, Aljeriya, Libiya ko Turai suna turo kuɗi ta Nita da Amana domin hatsi, biki da ginin masallaci. Ƙungiyoyinsu na iya ƙara layi ɗaya a lissafi: alawus ɗin mata biyu masu sauraro, kuɗin motar kai mai farfaɗiya asibiti kowane wata, ƙwallo da rumfar da yara za su yi wasa. Kafin su ba da kuɗin su tambayi wanda zai horar, wanda zai bibiya, da inda za a tura wanda abinsa ya yi tsanani.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. Uban da ke kiran gida daga ƙetare yakan tambayi ko kuɗi sun iso, ko an yi shuka, ya kashe waya. Zai iya cewa a miƙa wa yaron wayar, ya tambaye shi yadda ya kwana, da wa yake wasa, me ke ba shi tsoro, sannan ya yi shiru ya ji amsar har ƙarshe. Wannan shi ne darasin farko da ake koya wa duk wanda za a horar, kuma ana iya fara shi a kiran daren yau.